“Jinina bai haɗu da ɗinki ba”: me ɗan koyo yake ƙi a satuttukan farko?

Sati uku da kai ɗan ƙanwata shagon wani tela a kusa da babbar kasuwar Maraɗi, sai ga shi a gidana bayan sallar isha'i. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya zauna yana wasa da bakin tabarma. Da na matsa masa sai ya ce, “Kawu, don Allah ka yi wa Inna magana a cire ni. Wallahi jinina bai haɗu da ɗinki ba. Ko ƙarar keken na ji sai raina ya ɓaci.” Shekararsa 16, ya bar lakwal, kuma shi da bakinsa ya zaɓi ɗinki lokacin da aka jera masa sana'o'i.

Na tambaye shi abin da yake yi a shagon. Ya ce shara da guga da aike, in keke ya samu sarari kuma a ba shi takardar buhun siminti ya bi layi. Da ya fara takawa sai keken ya juya baya, zare ya tsinke ko ya cukurkuɗe a ƙoshiya, sauran yara su kwashe da dariya.

Ban yi masa musu ba, don na san ba ƙarya yake yi ba. Ɓacin ran gaskiya ne. Inda nake da ja shi ne wurin da ya ɗora shi. Yaron da ya yi sati uku a shago bai taɓa ɗinki ba tukuna, balle a ce ya ƙi shi. Abin da ya ɗanɗana shi ne tsinkewar zare da dariyar tsararsa, sai ya haɗa su ya sa musu suna ɗinki. Mu manya ma muna yin wannan kuskuren, kuma yana jawo mana asarar sana'o'i da yawa a garin nan, shi ya sa nake ganin ya kamata a warware shi daki-daki.

Keken taka yana neman abubuwa da yawa a lokaci guda. Ƙafafu su kaɗa mataki da kari ɗaya, hannun dama ya tayar da ƴar tayar da ke gefe ta juya inda ya kamata, hannun hagu ya riƙe yadi ba ja ba saki, ido yana bakin allura, kunne yana sauraron ko ƙarar ta canza. Shi kuwa hankalin ɗan Adam ƙaramin faifai ne. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, George Miller, ya rubuta a 1956 cewa abin da mutum ke iya riƙewa a ka a lokaci ɗaya bai wuce bakwai ba, ko sama ko ƙasa da biyu. A 2001 Nelson Cowan ya sake duba hujjojin ya ce abin ya fi kusa da huɗu. Ɗan koyo yana ɗora wa faifan nan fiye da abin da zai ɗauka. In ya kula da ƙafa hannu ya kauce, in ya koma kan hannu ƙafa ta tsaya. Awa ɗaya a haka ta fi wuni guda na gwani gajiyarwa, ga shi kuma babu abin nunawa in an tashi.

Wasu masanan biyu, Paul Fitts da Michael Posner, sun kasa koyon aikin hannu mataki uku a 1967. Da farko kai ne ke yin aikin, mutum yana faɗa wa kansa kowane motsi, yana kuskure, yana tafiyar hawainiya. Daga nan gutsattsarin motsin su fara haɗewa, kuskure ya ragu. A mataki na uku jiki ya karɓi aikin daga kai, har tela ya iya ɗinki yana sauraron rediyo yana ciniki da mai kaya. Mu a nan cewa muke yi hannunsa ya faɗa.

To duk abin da ke sa tela son aikinsa a can gaba yake, bayan hannu ya faɗa: zaɓen zaren da zai dace da shadda, ganin riga ta zauna daram a jikin mai ita, jin ana tambaya a wurin biki wa ya yi wannan. A farkon hanya babu ko ɗaya daga ciki. Kamar a kai yaro gona ya yi huɗa ya yi noman farko, a tambaye shi ko yana son noma alhali bai kai ga cin tumu ba. Amsar da zai bayar ta bayansa da ke ciwo ce.

Sannan ga kunya, wadda a ganina ta fi gajiya nauyi a wurinmu. Shagunanmu a bakin hanya suke. Garejin bakanike, rumfar mai walda, shagon gyaran salula, duk a idon jama'a ake koyo. Wanda ya yi kuskure a gaban mutane sau goma a rana dole ransa ya nemi mafita, kuma mafita mafi sauƙi ita ce ya ce ba ya so. “Ban iya ba” tana rage mutum, “ba na so” kuwa tana barin sa da girmansa. Ka lura da dattijon ɗan kasuwa wanda zai lissafa kuɗin tirela guda a ka, daga naira zuwa sefa, bai kuskure dala ba, amma in aka ce ya koyi rubuta saƙo a waya sai ya ce wannan shirmen yara ne. Yana tsoron ɗansa ya gan shi yana lalube. Mutumin da ya saba a zo a tambaye shi ya fi kowa jin zafin komawa ɗan koyo.

Me ke narkar da wannan ƙin in mutum ya daure? Abu na farko shi ne sabo kawai. A 1968 Robert Zajonc na jami'ar Mishigan ya nuna wa mutane wasu zane-zane masu kama da rubutun Sinanci, waɗanda ba su san ma'anarsu ba. Wasu zanen sau ɗaya aka nuna, wasu sau biyar, wasu har sau 25. Da aka ce su yi hasashen wanne ne ke nufin abu mai kyau, sai suka karkata ga waɗanda suka fi gani. Ba a koya musu komai ba, ba a ba su lada ba, gani kawai. Baƙon abu yana sa rai ya tsaya a ɗarare, in ya yi ta dawowa bai cutar ba sai rai ya saki. Malaman makarantar allo sun daɗe da sanin wannan. Yaro yana kuka ranar da aka rubuta masa babbaƙu, haruffan duk kama suke yi masa da juna. Kafin ya gama farfaru sai ka gan shi yana zana su a ƙasa da tsinke ba wanda ya sa shi.

Amma ba na so a jingina komai a kan sabo, don Hausawa sun ce sabo turken wawa. Mutum yana iya sabawa da abin da ba ya ƙaruwa da shi. Sabo yana kwance tsoro, iyawa ce ke kawo so. Albert Bandura ya yi bayani a 1977 cewa abin da ya fi gina wa mutum yarda da cewa zai iya shi ne nasarar da ya samu da hannunsa. Lallashi da baki yana taimakawa, ganin tsara ya yi ma yana taimakawa, amma ba su kai wannan ba. Layi ɗaya miƙaƙƙe daga farkon yadi zuwa ƙarshe ya fi wa ɗan koyo amfani a kan nasihar kawu ta awa guda. Da ya ga layin sai ya so ya ƙara, da ya ƙara sai hannun ya ƙara faɗawa. Tun daga nan abin yake ciyar da kansa.

Akwai wani wuri a tsakiyar hanya da ya fi farkon haɗari. A ƙarshen ƙarni na 19, William Bryan da Noble Harter sun bi diddigin masu koyon aikin wayar tangaraho a Amurka, a rahotannin da suka fitar a 1897 da 1899. Sun ga mai koyon karɓar saƙo yana ci gaba da sauri da farko, sai ya zo ya tsaya cak na tsawon satuttuka, kamar ba ya ƙaruwa, kafin ya sake tashi. Bayaninsu shi ne a lokacin tsayuwar yana sauyawa ne daga jin harafi ɗaya-ɗaya zuwa jin kalma da jimla. Kowane mai sana'a ya san wannan tsayuwar. A nan ne ƙin da aka zaci ya tafi yake dawowa, kuma a Maraɗi a nan ne babur ke kira. Yaro ya dubi abokinsa ɗan kabu-kabu yana shigowa gida da jikka biyu ko uku da yamma, shi kuwa wata shida yana shago aljihunsa wayam. Ba na ganin laifin yaron da ya yi wannan lissafin. Sai dai ya kamata wani babba ya gaya masa tun da wuri cewa tsayuwar za ta zo, kuma ba alamar ya kai ƙarshen basirarsa ba ce.

Yanzu bari in juya ga iyayen gida, don a nan nake da magana mai ɗaci. Mun ɗauka yawan zama a shago shi ne koyo. Yaro ya zo da safe ya tashi da dare, amma in ka ƙirga mintocin da ya yi a kan keke ba su cika ashirin ba, sauran duk dafa shayi ne da aike. Sai Sallah ta matso a ɗora masa aikin dare har asuba. Duka biyun ɓarna ne. A Ingila, Alan Baddeley da abokin aikinsa Longman sun buga sakamakon wani gwaji a 1978 kan ma'aikatan gidan waya da ake koya wa buga rubutu da na'ura. An kasa su gida huɗu, daga masu yin awa ɗaya a rana zuwa masu yin awa huɗu. In aka ƙirga jimillar awoyin da kowa ya ci kafin ya iya, masu awa ɗaya ne suka fi saurin koyo, masu awa huɗu suka zo ƙarshe. Abin lura kuma, masu awa ɗayan su ne suka fi nuna rashin gamsuwa da tsarin, don kwanakinsu sun fi yawa. Wato abin da ɗan koyo ke ji a ransa ba kullum yake nuna masa gaskiyar ci gabansa ba. A 2002 kuma Matthew Walker da abokansa a jami'ar Habad sun koya wa mutane buga wasu lambobi a jere da yatsun hannun da ba su saba aiki da shi ba. Waɗanda suka yi barcin dare kafin a sake gwada su sun ƙara sauri da kusan kashi 20 cikin ɗari ba tare da sun ƙara taɓa na'urar ba. Waɗanda suka yi irin wannan tsawon lokacin ido biyu ba su samu ƙarin a-zo-a-gani ba. Kaɗan-kaɗan kullum, da barci a tsakani. Kakanninmu da suka ce yau da gobe ta sa allura ginin rijiya, gobe ɗin suka saka a ciki da gangan.

Duka da zagi kuwa suna rushe tushen abin baki ɗaya. Sabo yana kwance tsoro ne saboda abu ya dawo bai cutar ba. In duk lokacin da yaro ya zauna a kan keke ranƙwashi na biye, to abin ya dawo kuma ya cutar, kullum. Irin wannan yaron yana iya zama gwani, amma zai girma yana jin keken kamar maƙiyi, kuma ranar da ya samu wata hanya zai tafi bai waiwaya ba.

Babban misalin da na sani na yadda ƙi ke komawa so ba a shago ya faru ba, a gonakin jihar nan ya faru. Wanda ya girma a karkarar Maraɗi kafin shekarun 1980 ya san cewa manomin kirki shi ne wanda gonarsa take tas. Kafin damina a yi sassabe, a sare duk wani kalgo da sabara da ya toho, a tara a ƙone. Wanda ya bar su rago ne. Akwai kuma dalilai: ana cewa itace na shanye wa hatsi ruwa, yana yi masa inuwa, yana tara tsuntsaye. Ga dokar daji da ta sa itace ya zama na gwamnati, manomi na iya shan tara a hannun malaman daji kan itacen da ke cikin gonarsa.

A 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da ƙungiyar mishan ta SIM a yankin Maraɗi, ya lura cewa ƴan kurmin da ake sarewa duk shekara toho ne daga kututturen itatuwan da saiwarsu ke raye a ƙasa. Dabarar da ya kawo ba ta da tsada: ka zaɓi kututture, ka bar rassa mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, ka sare sauran, ka yi wa waɗanda ka bari aski daga ƙasa, ka kare su daga dabbobi da masu neman itacen wuta. Shi ne abin da muke kira sassaben zamani. Manoma ƴan kaɗan suka yarda suka gwada, aka yi ta yi musu dariya, ana sace musu rassan da dare.

Sai yunwar 1984 ta zo, wadda mutanenmu suka sa wa suna El-Buhari saboda ta haɗu da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Buhari ta yi. Aka haɗa taimakon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona, aka bar kimanin itatuwa 500,000. Da rabon abinci ya ƙare, wajen kashi biyu cikin uku na itatuwan aka sare.

Wannan adadin na daɗe ina juya shi a raina. Duk manoman nan sun yi aikin da hannunsu, sun koyi askin, sun kwana sun tashi da itatuwan. Amma yawancin itatuwan ba su tsira ba, don yunwa ce ta sa aka bar su. Tilas na iya sa hannu ya yi aiki, ba ta isa ta cire ƙi ba. Waɗanda suka bar nasu su ne suka kai ga cin tumu. Iska ta daina binne musu shuka da rairayi, matansu suka daina tafiya mai nisa neman itace, awaki suka samu ganye da ƴaƴan gawo da rani. Gawo kuwa yana kaɗe ganyensa da damina, ba ya tare wa hatsi rana, kuma kowa na iya ganin yadda gero ke yi a ƙarƙashinsa. Maƙwabta suka leƙa suka gani, suka kwaikwaya, daga gona zuwa gona. Da manoma suka samu tabbacin cewa itacen da suka yi rainonsa nasu ne, su sara su sayar, sai abin ya ƙara gudu. Bayan shekara ashirin da ɗoriya, binciken da aka yi da hotunan sama ya kiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood. Tushen dabarar bai canza ba daga 1983 zuwa yau. Manoman ne suka daɗe a cikinta har suka iya, kuma amfanin ya shiga gidajensu.

Wannan sharaɗi na biyu shi ne muke mantawa da shi a shaguna. Ɗan koyon da ya ɗinka wando aka karɓi kuɗin bai ga ko dala ba, ba a ma gaya wa mai wandon cewa shi ya yi ba, yana matsayin manomin da ke rainon itacen da ba nasa ba.

Ba ina cewa duk ƙi na ƙarya ba ne. Akwai wanda zai iya ɗinki sarai amma zaman wuri ɗaya ke kashe shi, ransa na wajen fatauci ko kiwo. Akwai wanda idonsa ko bayansa ba za su ɗauka ba. Irin wannan a sake shi da alheri. Abin da nake jayayya da shi shi ne lokacin yanke hukunci. Ƙin sati uku ba ya gaya maka komai game da sana'ar. In ƙafa ta daina neman hankali, yaro ya gama abu guda da hannunsa ya ga an saka, ya ci kuɗinsa, sannan ya ce har yanzu ba ya so, to wannan magana ce da ya kamata a saurara.

Abin da na gaya wa ɗan ƙanwata ke nan a daren. Na ce, “Ba zan hana ka fita ba. Amma ka ba ni daga nan zuwa bayan Babbar Sallah. In ka zo ka maimaita mini wannan maganar, ni da kaina zan je wurin Innarka.” Washegari na je na gaida maigidansa, mutum mai sauƙin kai. Na ce, “Malam, alfarma na zo nema. A ba yaron nan keke awa ɗaya da sassafe kafin shago ya cika.” Ya yi murmushi ya ce ai duk haka suka fara, ya kuma ƙara da tasa dabarar da ta fi tawa: ya cire zare da allura, ya ce yaron ya yi ta taka keken haka nan, ba yadi ba komai, har sai ƙafar ta daina juyawa baya. Ya rage masa kayan da ke kan faifai, ya bar masa guda. Da ƙafa ta zauna aka mayar da allura da takarda, daga baya zare, daga baya ƙyalle. Rigar matashin kai ce abu na farko da ya gama, ya kai wa uwarsa.

Bayan Sallah bai zo ba. Ni na bi ta shagon wata ranar Litinin, na same shi yana haɗa aljihun wata rigar yaro, ƙafarsa na tafiya, yana gardamar kokowa da na kusa da shi kan wanda zai ɗauki takobi bana. Ya tsayar da keken ya gaishe ni. Na ce, “Yaya aikin?” Ya ce, “Alhamdu lillahi, Kawu. Wando da aljihu duk ba matsala.” Sai ya ɗaga wata riga da ke gefe, wadda aka farke wuyanta aka ajiye masa, ya ɓata fuska. “Wuya ne dai ba na so. Sau uku ke nan Maigida na sa ni in farke shi.”